Na Gudu, Koko Yana Fulas

Akwai wata safiyar Asabar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma ko da na so in manta, mutanen gidanmu ba za su bari ba. Shekara shida ke nan, amma har yau in na ɗauki mayafi zan leƙa maƙwabta, sai na ji wani daga cikin yara ya ce, "Umma, in guduwa za ki yi, a bar mana koko." Sai in yi murmushi in wuce abina, domin ni na jawo wa kaina, da hannuna na dama da ɗan guntun alli.

A Fadaman Mada muke zaune. Maigidana kafinta ne, Malam nake ce masa. 'Ya'yanmu biyar, babbar mace ce, a lokacin tana ajin ƙarshe na sakandare. Sai surukata, wadda duk gidan muke kira Dada. Ita a ruga ta tashi, tsufa da ciwon gwiwa ne suka dawo da ita gari wajen ɗanta. Ni kuwa kowa ya san ni da rashin hayaniya. In an taka ni, ni ce mai cewa sannu. Tun asuba nake tsaye, daga damun koko zuwa suyar ƙosai, daga wankan ƙanana zuwa gasa wa Dada gwiwa da ruwan ɗumi, haka har a rufe ƙofa. Abu ɗaya da na ƙwatar wa kaina shi ne makarantar yaƙi da jahilci, sau uku a mako da yamma. Na shige ta ne bayan na haura arba'in. A lokacin da nake ba ku labari ina shekara ta biyu, ina karatu a hankali, rubutu kuma a hankalin hankali.

Ciwon kai ne ya fara damuna, irin mai sara ta ƙeya, sai jiri in na sunkuya shara. Da na je asibiti, malamar da ta ɗaura min abin awo a dantse ta dubi abin, ta dube ni, ta sake aunawa. Ta ce hawan jini ne, kuma ya hau sosai. Ta ba ni magani, ta ce in rage gishiri, sannan in riƙa motsa jiki. Nan dariya ta kufce min. Na ce, "Malama, ni da ba na zama, wane motsi kuma ya rage?" Ta ce aikin gida gajiya yake kawowa, amma ba shi zuciya take nema ba. Tafiya take so mai sauri, ba tsayawa, in na iya har da 'yar sassarfa. Ta kuma faɗa min wata magana da ta zauna min a rai: wai mata irina ne ake kawo musu ɓarin jiki ya shanye, 'yan uwa suna cewa ai jiya-jiya lafiyarta ƙalau, har wanki ta yi.

Gidan da ke jikin namu na wata mata ce da muke kira Maman 'yan biyu. Kirista ce daga kudancin jihar nan, tana aiki a wani ofishi cikin gari. Mun shekara goma muna miƙa wa juna albasa da garwashi ta kan katanga. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wajenta, har Dada. Da na ba ta labarin asibiti sai ta ce, "Maman yara, ai ni kullum da asuba ina zagaya filin firamaren can. Kai ma ka zo mu je. Ba kowa a lokacin, sai awaki."

Ina so a shaida, ban fita ba tare da izini ba. Na samu Malam da yamma yana sauraron labarai, rediyo manne da kunne, na ce, "Malam, an ce in riƙa motsa jiki. Zan riƙa bin Maman 'yan biyu da asuba." Ya ce, "To, to, Allah ya sa a dace." Na yi godiya na tashi. Sai daga baya na gane ba da ni yake ba, da mai karanta labarai yake.

Ranar farko abin ba kyan gani. Na sa wando a ƙarƙashin zani, na ɗora gajeren hijabi, na ƙulle tsohon kambas ɗin makarantar 'yata a baƙar leda, domin kunya ba za ta bar ni in ratsa layinmu da shi a ƙafa ba. Sai mun isa fili nake sawa. Rabin zagaye na yi, na ji ƙirjina yana daka kamar gidan biki, na riƙe bishiyar darbejiya ina salati. Maman 'yan biyu ta wuce ni tana cewa, "Ba ka mutu ba, numfashi ne kawai." Amma mako ya bi mako, rabi ya zama ɗaya, ɗaya ya zama uku. Ni ba na riƙe lissafi in ina haki, saboda haka nakan tsinci tsakuwoyi, duk zagaye ɗaya in ajiye guda a gindin darbejiyar. In na dawo gida in buɗe bayan littafin makarantata in rubuta adadin. Kafin Malam ya dawo daga masallaci, don shi yakan zauna har rana ta ɗago, na riga na shigo, na ɓoye ledata a bayan buhun masara, na ɗora kasko. Wata uku ina haka, ba wanda ya lura. Ciwon kan ya yi sauƙi. Har barcina ya canja.

To, amma duk mace mai iyali ta san yadda abin yake. Ba wanda zai ce miki kada ki je, sai dai kowace safiya ta zo da nata dalilin. Yau auta ya kwana da zazzaɓi. Gobe an haihu a dangin Malam, sai an yi sammakon ɗora sanwa. Jibi gwiwar Dada ta motsa. Gata kuma ba abin da ya faru, gajiya ce kawai, tabarmar sallah ta yi daɗi, ki ce bari in ɗan kishingiɗa. Maman 'yan biyu ta ƙwanƙwasa, in leƙa in ce, "Yi haƙuri, sai gobe." Kwana tara na jera ina sai gobe. A na taran, saran nan na ƙeya ya dawo, har sai da na dafa bango ina kwashe shanya.

Ranar Juma'a da la'asar ta leƙo ta kan katanga. Ba ta yi dariya ba kamar yadda ta saba. Ta ce, "Maman yara, gobe in ba ka fito ba, ni ba zan sake buga maka ƙofa ba. Yaran nan da kake cewa saboda su, in ka faɗi, wa zai yi musu? Kuma gobe goma za mu yi." Ni da ban taɓa wuce shida ba. Na ce mata in sha Allahu.

Da magariba na kai abinci, tuwon masara da miyar kuka. Tun da aka hana ni gishiri nake rage shi a tukunya, in ajiye musu a ɗan kofi, wanda ya so ya ƙara. Ranar na manta ban kawo kofin ba. Malam ya kai loma ɗaya, ya tauna a hankali, ya ce, "Wannan miya ce, ko ruwan da aka wanke ludayi?" Yara suka kwashe da dariya. Dada ta ce ita ba miyar ce ta dame ta ba, tuwon ne ya yi tauri, in aka jefi kare da shi sai ya suma. 'Yata kuwa, da na ce ta wanke kwanuka, ta ce karatun jarrabawa take yi, alhali hasken waya nake gani a fuskarta. Ban ce da kowa komai ba, kamar kullum. Gaskiyar magana ma ban ji haushi ba. Hankalina yana can gindin darbejiya, ina tunanin yadda mutum zai tara tsakuwa goma bai faɗi ba.

Da asuba na yi sallah, na dama koko na juye a fulas. Waken ƙosai yana jiƙe, amma ba lokacin kai niƙa. Sai na tuna zagaye goma zai ɗau lokaci, Malam zai riga ni dawowa, yara su tashi ba su gan ni ba. Na ce to, ga ranar ilimi. Na lalubo guntun alli a jakar makarantata, na tsaya gaban ƙofar kicin, wadda Malam ya ƙera da hannunsa. Niyyata in rubuta na tafi sassarfa. Na rubuta "sa", sai na tsaya. Sasarfa ce? Sarsarfa ce? Harafin nan na sa, guda nawa ne a ciki, kuma ina da ina suke zama? Na goge da bakin hijabi, na sake, na sake gogewa. Allin yana ta ƙarewa, ga Maman 'yan biyu tana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Sai na ce bari in ɗauki kalmar da na iya. Cikin sauri na bar "tafi" a cikin kaina, ban sauke ta a ƙofa ba. Ga abin da na rubuta, manya-manya:

Na gudu. Ku yi haƙuri. Koko yana fulas.

Haƙurin na rashin ƙosai ne, Allah shi ne shaida. Har na ja baya na duba, na ga na sa wa ƙa lanƙwasarta kamar yadda malamarmu take nanatawa, na ji daɗi a raina. Na bar wayata a kan taga, don tana dukan cinyata in ina sassarfa. Na ɗauki baƙar ledata na fice da sauri.

Filin ranar ya yi sanyi, an yi yayyafi kafin asuba, ƙasa ta lafa. Zagaye huɗu na farko kwana taran nan suka rama a kaina. A na bakwai na ce wa Maman 'yan biyu ni na gama, ta je ta ƙarasa mana. Ta ce, "Ka rage sauri, amma kada ka tsaya." Na rage har tafiyata ta koma kamar ta agwagwa, amma ban tsaya ba. A na tara wani abu ya faru da ban san sunansa ba har yau. Nauyin ya sauka. Na ji iska tana shiga har cikin cikina, na ji ƙafafuna suna tafiya da kansu, ba mai kiran Umma, ba abin da ke kan wuta. Rabon da in ji jikina nawa ne tun ina yarinya muna tseren zuwa rafi. Da na ajiye tsakuwa ta goma na zauna a ƙasa na ƙirga su sau biyu, sai ga hawaye. Maman 'yan biyu ta miƙo min ruwa ta ce, "Kuka kuma? In ka yi ashirin sai mu kira motar asibiti."

Muka zauna muka huta, hira ta yi daɗi. A hanyar dawowa na ce bari in tsaya wajen mai ƙosai in saya wa mutanen gida, in wanke laifina. Na tarar da layi. Ban damu ba, ai na bar rubutu.

Abin da ya faru a gida kuwa, 'yata ce ta ba ni labari daga baya, kuma duk lokacin da ta sake bayarwa sai ya ƙara tsawo. Ita ta fara ganin ƙofar. Ta karanta, ta ruga ɗakina, ta dawo ta sake karantawa. Malam ya shigo da carbinsa, ta nuna masa da yatsa. Wai sau uku ya karanta, yana bin haruffan da bakinsa. Ya kira wayata, ta yi ƙara a kan taga a bayansa. Ya leƙa waje, sai matar gidan da ke kallon namu ta ce ai ta gan ni tun duhu-duhu, da ƙunshi a hannu, ina sauri ko gaisuwa ban tsaya ba. Malam ya dawo tsakar gida ya tsaya, ya ce, "Miyar ce." Dada daga ƙofar ɗakinta ta ce, "A'a, tuwon ne. Bakina ne ya kore ta." 'Yata ta fashe da kuka ta ce kwanukan ne. Nan take ta durƙusa ta hau wanke-wanke, har tukwanen da ba a yi girki da su ba. Ƙananan suka ɗauki tsintsiya. Ba wanda ya sha kokon.

Malam ya kira yayana, wanda yake da shago a Gwallaga, shi ne kamar uba a gare ni tun rasuwar mahaifinmu. Ya tambaye shi ko na iso. Yaya ya ce, "Wa?" Malam bai tsaya bayani ba, ya ce ya zo gida maza, shi zai duba tashar motocin garinmu. Ya fita a guje, ƙafa ɗaya takalminsa, ɗaya silifas ɗina na wanka. Mutumin da in zai je shagonsa, nan bakin layi, sai ya tsaya hutawa wajen mai shayi, ranar an ce har bakin titi bai tsaya ba, tumbi yana gaba yana binsa.

Ni dai na iso ƙofar gida rana ta ɗago, da ƙunshin ƙosai mai zafi a hannu. Murnar goma ta sa na manta ban cire kambas ba. Na ga babur ɗin Yaya a jingine, na ga takalman mata a zaure. Na ce shi ke nan, Dada. Na shiga da sallama. Tsakar gida a share tas, kwanuka a kife suna ƙyalli, Dada a zaune kan tabarma da ranta da lafiyarta, maƙwabta biyu a gefenta, Yaya a kan kujera ya haɗe rai. Ba wanda ya amsa sallamar. Duka ƙafafuna suke kallo.

'Yata ce ta fara tasowa, ta ƙanƙame ni, tana cewa, "Umma, na wanke, wallahi duka na wanke." Na ce to, sannu, Allah ya yi albarka, ina mamakin abin kuka a wanke-wanke.

Yaya ya yi gyaran murya. Ya ce, "Daga ina?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Daga gudu, Yaya."

Ya ce, "Wannan mun sani, mun karanta. Me ya dawo da ke?"

Na ce, "Ai na gama ne."

"Kin gama."

"E, Yaya. Yau har goma na yi."

Ya dubi Dada, Dada ta dube shi. Ya ce, "Goma me? Dā ma kin saba yi ne?"

Na ce, "Wata uku ke nan. Kullum ina dawowa kafin Malam ya shigo."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ta ce, "Inna lillahi." A nan ne na juya na kalli ƙofar kicin, na karanta abin da na rubuta da idon wanda ba ya cikin kaina. Na ji kunya ta taso min tun daga tafin ƙafa. Na buɗe baki zan yi bayani ke nan, sai ga Malam ya faɗo gidan, riga jiƙe sharkaf, hula a hannu. Ya gan ni, ya nemi turmi ya kife ya zauna, yana haki irin nawa na ranar farko. Da numfashinsa ya ɗan dawo, bai tambaye ni komai ba, sai ya ce a gaban kowa, "Uwar yara, miyar nan ba ta da laifi. Ni ne bakina ba daɗi jiya."

Na ce, "Malam, filin firamare na je. Sassarfa. Kalmar ce ta gagare ni rubutawa."

Dada ce ta fara, wata irin dariya ƙasa-ƙasa har kafaɗunta suna rawa, sai maƙwabta suka kama, sai yara. Malam ya dubi silifas ɗin da ke ƙafarsa, shi ma ya sa hannu ya rufe fuska. Na ce ai na nemi izini, ranar da yake jin labarai. Ya ce shi bai tuna ba, amma in na ce an yi, an yi.

Yaya ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya bari aka lafa, maƙwabta suka fita da labarin da zai ishe su mako guda, sannan ya ce, "To, an yi dariya. Amma daga yau a bar wannan abu. Mace da 'ya'ya biyar, kin kusa aurar da 'ya, ki riƙa zagaya fili kamar 'yar firamare? Kin ga abin da ya jawo. Yanzu duk unguwa za a ce ƙanwata ta gudu daga gidan miji." Malam ya sunkuyar da kai, ya ce ko a tsakar gida ma ai ana iya ɗan zagayawa. Tsakar gidan da taku shida ne ka ci karo da randa.

Na san halina. Abin da na saba shi ne in ce to. Har kalmar ta zo bakina. Amma ƙafafuna suna zugi irin na goman nan, kuma akwai wata tambaya da ta tsaya min a wuya tun da na karanta ƙofar. Na tashi na shiga ɗaki, na ɗauko katin asibiti da littafin makarantata, na ajiye a gaban Yaya. Na ce, a hankali, don ni ban iya ɗaga murya ba, "Yaya, ka yi min haƙuri, ina da tambaya. Da kuka karanta, cikinku akwai wanda ya ce ƙarya ne, ba za ta gudu ba?"

'Yata ta kalli ƙasa.

Na ce, "Shekara ashirin da biyu ban taɓa kwana a waje da fushi ba. Amma yau kowa ya yarda nan take, har kowa ya san dalili. Ashe dai an san kayan da nauyi." Na buɗe katin na nuna masa. Na faɗa musu abin da malamar ta ce game da matan da ake kawowa ɓarin jiki a shanye, abin da ban taɓa faɗa wa ko Malam ba don kada in tayar masa da hankali. Na nuna musu shafin da nake rubuta zagayena, da wurin da kwana tara suka zama fili, na ce a nan ciwon kan ya dawo. Na ce, "Ni ba wanda nake gudu a gidan nan. Auren yarinyar nan nake so in gani a tsaye da ƙafafuna, da na autan ma in Allah ya kai mu. Awa ɗaya nake roƙo da safe. Ban taɓa ƙin maganarka ba, Yaya, amma wannan ba zan bari ba."

Ban taɓa jera magana mai tsawon haka a gaban manya ba. Kuma wadda na fi jin tsoro ita ce Dada. Ta gyara zama, ta miƙe ƙafarta mai ciwo, ta ce wa Yaya, "Ɗana, ni da ƙwaryar nono a ka nake tasowa daga ruga kafin rana, in shigo gari, in koma da yamma. Ba wanda ya ce min abin kunya ne. Ban san asibiti ba sai da aka kawo ni nan aka ce in zauna in huta. Ga hutun nan a gwiwata." Ta juya wajen ɗanta. "Kai kuma, mutumin da ya iya haɗa gado da kujera, damun koko ba zai gagare shi ba. Ku bar ta ta je. In gwiwa ta bar ni, da ni za a yi."

Yaya ya juya katin gaba da baya. Sannan ya ce, "To, a riƙa sa hijabi mai tsawo." Na ce to. Ya miƙa hannu ya ɗauki ƙosai guda, ya ce, "Kuma a riƙa rubuta magana ta cika." Daga nan aka buɗe fulas. Kokon yana nan da zafinsa, wannan ɓangaren rubutun dai ban yi kuskure ba.

Ba zan ce daga ranar komai ya daidaita ba. Kokon Malam na farko sai da muka tace shi da rariya, gudajin ciki sun kai girman goro, kuma ya tsaya a kanmu yana jiran yabo. 'Yata ta riƙe wanke-wanke da zuciya ɗaya na kwana huɗu, daga nan sai da tuni. Ni ma har yau akwai safiyar da tabarma take rinjayata, kuma ina nan ina shan maganina. Bambancin shi ne yanzu in na kwanta, ba Maman 'yan biyu kaɗai ke buga ƙofa ba. Dada, kafin Allah ya karɓi abarsa bara waccan, takan ɗaga murya daga ɗakinta ta ce, "'Yar nan, yau ba a gudun ne?" Kambas kuma a zaure yake kwana, cikin sauran takalma.

Na so in goge rubutun a ranar, Malam ya hana. Da yamma ya dawo daga shago da ɗan gwangwanin farin fenti, ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, har da lanƙwasar ƙa. Wai don ya riƙa tunawa kafin ya yi wa miya sharhi. Yana nan har yau, baƙo in ya shigo sai ya karanta ya dube ni, sai a sake ba da labari daga farko.

Abin da na koya a ranar bai tsaya ga rubutu ba. Na daɗe ina ɗauka shiruna haƙuri ne, ashe wani ɓangarensa ɓoyo ne kawai. Na ɓoye ciwona, na ɓoye takalmina a bayan buhu, ina satar awa ɗaya daga rayuwata kamar ba tawa ba, sannan ina mamakin yadda ba mai taya ni. Mutanen gidana suna ƙaunata, na gani da idona, har da silifas ɗin wanka a bakin titi. Ba su san me nake bukata ba ne, don ban taɓa faɗa ba. Duk macen da take son ta riƙe wani abu domin lafiyarta, ta faɗe shi a fili, da rana tsaka, bayan an kashe rediyo, kuma ta faɗe shi cikakke, kada ta bar rabin maganar a cikin kanta.

Sassarfa kuwa, na tambayi malamarmu a Litinin ɗin da ta biyo. Harafin sa uku ne a cikinta, ɗaya a gaba, biyu a manne a tsakiya. Na iya ta yanzu ko ido a rufe. Sai dai ban sake bukatar rubuta ta ba, kowa a gidan ya san inda nake.